Da Takardar Nasiba Aka Ƙunso Mini Nama

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku da kuka cika mini waya da saƙonni kuna cewa "Basiratu ki yi haƙuri ki aure shi, irin Naziru ba a tsintar sa a hanya," na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ku gyara zama ku ji abin da ya same ni a makon nan, in kun gama sai ku sake ba ni shawarar, in bakinku ya iya.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Basiratu, shekarata ashirin da huɗu, haifaffiyar Filinge ce ni. Ina aiki a wata cibiyar yara da wani furoje, wato shirin ƙungiyar agaji, ya buɗe a bayan gari, saboda ƴaƴan mutanen da rashin kwanciyar hankali ya koro daga ƙauyukan wajen Abala. Yaran sukan zo da safe, a yi karatu, a yi wasa, a ci abincin rana, a tashi da la'asar. Aikina in zauna da su in ji abin da ke ransu. Naziru kuwa shi ne shef, wato shugaban cibiyar, kuma shi ne mutumin da gidanmu suka riga suka ɗaura mini aure da shi a zuci. Ranar Asabar ake sa ran magabatansa.

Ban ga laifinsu ba. Dogo ne, wankan tarwaɗa, shaddarsa kullum kamar yanzu aka ɗauko ta daga wurin mai bugu, in ya wuce sai turarensa ya yi minti biyar bai bi shi ba. In zai gaida Inna har ƙasa yake durƙusawa. Gwaggo Tanne, yayar Babana da ke zaune tare da mu, ba ta kiran sa da suna, sai dai "ɗan albarka."

Wata uku da suka wuce aka aiko daga babban buro, wato ofishinmu na Yamai, cewa a kafa akwatin jin ra'ayin yara. Aka yi masa shuɗin fenti, aka kafe shi jikin dalbejiya. Ni da bakina na tara yaran na ce, "Duk abin da ke damunku ku rubuta, wanda bai iya ba ya zana, ko ya faɗa mini in rubuta masa. Manya za su karanta." Makullin yana hannun Naziru. Kowace Juma'a yakan kwashe takardun ya ce za su tafi Yamai.

Da farko abin dariya suke sakawa. Wani na son ƙwallo, wata ta ce miya ta cika yaji, wani ya zana akuyarsu da suka baro a ƙauye. Sai na lura da wani abu: ƴan matan da suka ɗan tasa ba sa shan ruwa. Ana zafin nan da ke narkar da takalmin roba, maza na rububi a bakin randa, su kuwa suna zaune a inuwa leɓɓansu sun tsattsage.

Nasiba ce ta fasa mini ƙwan. Yarinya ce ƴar shekara goma sha biyu, siririya, mai idon da ba ya kauce wa na babba. Ta ja ni bayan ɗakin girki ta ce,

"Tanti, in mun sha ruwa hitsari za mu ji."

"To, ba ga salga can ba?"

"Ba ta da ƙohwa. Buhun da anka rataya ya yage. Kuma bencin gardi na kallon ta, shi da abokanai suna shan shayi. Ranar da Rabi ta shiga, dariya sunka yi."

Na je na zauna a kan bencin nan da kaina na duba. Wallahi har ramin ana hangowa. Rabi ɗin da ta ambata, sati biyu bayan nan ta faɗi a fili da zazzaɓi da ciwon mara, likita ya ce riƙe fitsari ne da rashin ruwa. Sau biyu ina samun Naziru a buro da maganar, sau biyu yana murmushi yana cewa, "Na ji, ranki ya daɗe, yana cikin tsari." Ni kuma na ce wa Nasiba ta ci gaba da rubutawa, in takarda ta yi yawa dole Yamai su motsa. Sau biyar yarinyar nan tana sakawa.

To, ranar Talata bayan la'asar Naziru ya yi mini mesaj: "Ina tafe, gimbiya. Da tsaraba." Inna ta sa ni canza kaya har sau biyu. Na ƙare a atamfa mai ruwan zuma, riga da siket, da mayafi ruwan madara, Gwaggo na bi na da kaskon turaren wuta kamar amarya. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Ya miƙo mini baƙar leda mai ɗumi, ƙamshin balangu ya cika wurin.

"Na wurin Zakari ne, na kusa da buro. Na ce ya zaɓo miki mai taushi."

Na shiga ciki don in juye a faranti. Na warware takardar farko, ta siminti ce kamar kullum. Ta biyun farar takardar kaye ce, littafin rubutun ƴan makaranta, mai layi, mai ya jiƙa ta har ana ganin yatsana ta baya. Na zazzage naman, na ɗaga ta zan yar, sai idona ya faɗa kan zanen shuɗin alƙalamin bik. Ɗan ɗaki ne ba ƙofa. A gabansa mutum uku a kan benci, an yi musu manyan idanu kamar faranti. A ƙasa, cikin rubutun nan nata mai karkata, yaji ya manne a kan haruffan: "Muna so a sa kofa. Nasiba."

Ƴan uwa, ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Akwai wata takardar a ƙarƙashi, ta wani yaro da ya rubuta cewa yana mafarkin harbi, yana son a bar shi ya riƙa zama kusa da madam, malamarsu. Yankan albasa ya liƙe a kan sunansa. Ƙamshin da ya sa ni haɗiyar yawu ɗazu ya koma mini kamar warin mushe.

Na koma zaure da takardar a hannu, mai na ɗiga.

"Naziru, mene ne wannan?"

Ya karɓa da yatsa biyu don kada ta taɓa masa riga. Ya duba. Sai ya yi dariya. Dariya fa, har da dafa gwiwa.

"Kai, Zakari bai da kirki! Cikin duk takardun sai wannan ya ƙunso miki?"

"Kai ka ba shi?"

"Buro ya cika da tarkace, Basira. Ya roƙe ni takardun ƙunshi, na ba shi kwali guda."

"Ka ce Yamai suke zuwa."

"Abin da ke zuwa Yamai rapor ne, rahoton aiki, kuma ni ke rubuta shi. Wa zai zauna a Yamai yana karanta zanen akuya?" Ya ajiye takardar a ƙasa ya goge yatsunsa da hankici. "Yara ne fa. Yau su ce ƙofa, gobe su ce jirgin sama. Ni na san abin da ya dace da su. Ba ki ga lilon da na sa aka kafa ba? Ba ki ga fenti ba? Jibi baƙuwa za ta zo, abin da ido ke gani shi ake yabawa."

"Rabi ta kwana huɗu a gidan likita."

"Allah ya ba ta lafiya, ai ta warke. Kuma gardin nan ɗan ƙanwar babana ne, so kike in rubuta cewa yana leƙen yara?" Ya sassauta murya, irin wadda da nake jin ta har cikin ƙashi. "Ki bar ɗaukar abin nan da zafi. In kin shigo gidana ma kin huta da zaman tabarma da ƴaƴan mutane."

Na dube shi, fararen haƙoran nan, agogon nan, zoben azurfan nan. Yadda mutum ke buɗe kwano mai kyau ya tarar da tuwon shekaranjiya, haka na ji. Na ce kaina ke ciwo, na shige.

Na tarar Gwaggo ta riga ta ja farantin gabanta. Na nuna wa Inna takardar, na faɗa mata komai. Ta juya ta gaba da baya ta ce,

"To, mi a ciki? Takarda ce hwa, ba Alƙur'ani ba."

"Inna, amana ce. Ni na ce wa yaran su rubuta."

Gwaggo ta tsotse yatsa ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Ɗiyan wasu na neman mai kawo musu ko ƙashi, ke an kawo miki tsoka kina karatun ƙunshi. Mu da munka tashi, wa ya taɓa tambayar yaro abin da yake so? Ga mu mun girma."

Ta miƙo mini yanka guda. Na fita da gudu bayan ɗaki, sai da na amayar da furar da na sha da rana.

Wayata ta yi ta ƙara. "Gimbiya har yanzu fushi?" Sai hoton fure. Sai murya ta minti biyu da ban buɗe ba. Na ƙarshe ya ce: "Alhamis ke za ki yi wa baƙuwa fassara. Nasiba za ta yi jawabi, na rubuta mata. Naki na Faransanci yana kan teburinki. Ki sa shuɗin leshin nan, yana yi miki kyau."

Ranar Alhamis aka kafa rumfa, aka yayyafa ruwa a fili, aka raba wa yara sababbin riguna masu tambarin furoje. A bakin salga aka rataya sabon zane mai furanni, na rana ɗaya. Ban sa leshin ba, na sa baƙar abayata ta zuwa aiki. Baƙuwar dattijuwa ce ƴar Senegal, mai furfura a goshi da tabarau a wuya, daga babban buro. Ba ta jin Hausa ko ta sannu.

Kafin a fara Nasiba ta same ni a bayan rumfa, takardar jawabin a hannunta, ta haddace ta tsaf. Ta ce,

"Tanti, wagga matar daga Yamai take?"

"Daga can take."

"To ta ga takarduna?"

Da na ce "e," da an wuce wurin lafiya. Amma idon yarinyar nan ba ya barin mutum ya yi ƙarya.

"Ba ta gani ba, Nasiba. Ba su kai ba."

"Ko guda?"

"Ko guda."

Ba ta yi kuka ba. Ta dai dube ni, kallon da ya fi mari ciwo, ta juya ta tafi layi.

Aka yi waƙar maraba, Naziru ya yi jawabi da Faransancinsa mai santsi, ya ce a wannan cibiya muryar yaro ita ce sarki. Aka tafa. Aka kira Nasiba, aka rage mata tsawon makirfo. Na tsaya gefenta da tawa takardar.

"Muna gode ma furoje," ta fara, "da ya kawo muna lilo da abinci. Muna cikin jin daɗi..."

Na fassara. Sai ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har wani malami ya fara raɗa mata layi na gaba. Ta naɗe takardar ta riƙe a bayanta.

"Ba mu shan ruwa," ta ce. "Tun sahe har la'asar ba mu sha, don salgarmu ba ta da ƙohwa, kuma maza na zaune suna kallo. Wancan zanen yau anka sa shi. Rabi ta yi ciwo. Na rubuta sau biyar, an ce manya za su karanta. Ba lilo muke so ba. Ƙohwa muke so."

Duk mai jin Hausa a wurin ya sunkuyar da kai. Baƙuwar ta juyo gare ni tana murmushi, tana jiran ta ji abin da ƴar yarinya ta faɗa mai daɗi haka. Wayata ta girgiza a tafin hannuna. Na saci kallo: "Ki karanta abin da ke takardarki. Kar ki kuskura."

Na ɗaga kai. Naziru na zaune a kujerar gaba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana yi mini murmushin nan na zaure. Na tuna Inna, na tuna Asabar, na tuna cewa aikin nan da shi nake taimakon gidanmu. Sai na ji ɗan yatsan Nasiba ya kama gefen abayata, ba ta ko dube ni ba, ta dai riƙe.

Na kife takardar. Na faɗi abin da ta faɗa, kalma bayan kalma, ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Har "sau biyar" ɗin sai da na ɗaga yatsu.

Murmushin matar ya ɗauke. Ta sa tabarau ta ce a nuna mata wurin. Naziru ya miƙe yana cewa ai ƙaramar matsala ce, an riga an yi odar ƙofa, yarinyar ce ta rikice don ganin jama'a. Matar ta wuce shi. Ta taka har can, ta ɗage zanen mai furanni, ta ga ƙusoshin da ko tsatsa ba su yi ba. Sannan ta je ta zauna a kan bencin gardi, daidai inda na taɓa zama, ta duba. Ta daɗe a zaune.

Da ta tashi ta ce duk namiji ya koma rumfa. Ta sa aka shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin girki, ta cire takalmi ta zauna a ƙasa da ƴan mata goma sha tara, ni a tsakiya ina juya magana. Ba ta yi musu wa'azi ba, tambaya ɗaya ta yi: "In ku ne masu gyarawa, yaya za ku yi?"

Wayyo, ashe yaran nan sun daɗe da gama tsarinsu. Rabi ta ce ƙofa kaɗai ba ta isa ba, a juya bakin salgar ya dubi wajen masu girki, inda mata suke. Wata ta ce a sa sakata ta ciki, ƙasa-ƙasa, yadda ƙanana za su kai. Wata ta ce a mayar da bencin bakin titi, ai can ne aikin gardi. Wata babba a cikinsu ta rufe fuska da hijabi ta ce a riƙa ajiye bokiti da sabulu, don akwai kwanakin da ba ta zuwa sam, kuma ba ciwo take yi ba. Nasiba ta ce akwatin a yi masa makulli biyu, ɗaya a hannun wadda yara suka zaɓa, kuma a riƙa buɗe shi a gabansu ana karantawa. Matar ta rubuta duka da hannunta. Kafin motarsu ta tashi sai da mai walda ya zo ya auna, aka ɗauke bencin ana kallo.

Ina tattara tabarma na hango Nasiba a bakin randa. Ta cika moɗa ta shanye, ta sake cikawa ta shanye, ruwa na bin haɓarta. Sauran suka yi layi a bayanta. Na juya baya don kada su ga hawayena.

A bakin mota Naziru ya tare ni. Mutane na wucewa, don haka fuskarsa na dariya, bakinsa kaɗai ke aiki.

"Kin kyauta. Kin tozarta ni gaban baƙi saboda ƴar gudun hijira. An ce in je Yamai ranar Litinin in yi bayani." Ya ɗaga wa wani hannu, ya ci gaba. "Ki tuna takardar aikinki ƙarshen wata take ƙarewa, kuma sai na sa hannu. Amma kar ki damu, maganar aure tana nan. Ba zan bari a ce mace ta kunyata ni sau biyu ba. In kin shigo gidana, a hankali zan koya miki lokacin da ake yin shiru."

Turarensa ya bugi hancina, na ja da baya kamar na taka kashin kare. Na tari kabu-kabu na hau.

Labari ya riga ni isa gida, Filinge ce. Na tarar Inna zaune a ƙofar ɗaki ta yi tagumi, idonta jawur. Gwaggo na tsaye tsakar gida tana tafa hannu.

"Ga ta nan, lauyar yara! Kin kashe ma kanki kasuwa, kin zubar muna da mutunci. Wa zai ɗauki macen da ke tsaya ma miji gaban taro?"

"Ba mijina ba ne, Gwaggo."

"Ji ta! Wallahi yau sai kin kira shi kin ba shi haƙuri, ko in bar gidan ga!"

Inna ta ce, "Basira, ki rufa mini asiri. Na riga na gaya ma dangi har Bonkuku."

Babana, Malam Tahiru, yana ƙarƙashin rumfar kara yana gyaran igiyar shanu. Mutum ne da zai yi wuni bai haɗa jimla uku ba, harkar aure kuwa cewa yake ta mata ce. Ban ma zaci yana saurare ba. Sai na ji ya yi gyaran murya.

"Yaya Tanne, dakata." Ya ajiye igiyar. "Basira, taho nan."

Na je na durƙusa a gabansa.

"An ce wata ƴar yarinya ta yi magana, ke kuma kin maida ta yadda take. Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"Ba ki ƙara ba?"

"Ban ƙara ba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Wata huɗu ana maganar auren ga a gidan nan. Na ji ta bakin uwarki, na ji ta bakin yayata, na ji ta bakin yaron. Ke, mi kike so?"

Kafin in buɗe baki muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida, sai sallamar manyan maza har uku. Inna ta zabura ta dafe ƙirji. Gwaggo ta leƙa ta dawo da sauri tana gyara ɗankwali.

"Baffanninsa ne! Ba su jira Asabar ba! Tahiru, tashi maza!"

Baba bai motsa ba. Ya ɗaga murya ya amsa sallamar, ya ce, "Ku shigo zaure, ku ɗan jira ni. Ɗiyata na magana."

Ya juyo gare ni. Inna na girgiza mini kai daga bayansa, hawaye na zuba.

"Baba, ba ni son shi. Ko shi kaɗai ya rage a duk ƙasarmu ta Kurfai, ba ni son shi."

Gwaggo ta saki salati. Baba bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki hularsa daga kan turmi ya sa, ya nufi zaure shi kaɗai don ya kai musu amsata.